Tambayi Mai Hoto: Wace Fitila Zan Saya?

Duk shekara idan Sha'aban ya kama, saƙonnin da ke shigo wa wannan fili sukan karkata wuri ɗaya. Masu biki suna rige-rigen ɗaura aure kafin azumi, teloli sun fara karɓar ɗinkin Sallah, ɗaliban malamai suna shirin ɗaukar tafsiri, kuma kowa fitila yake nema. Na tsamo waɗanda suka shafi fitilar bidiyo, wato wadda ake kunnawa ta yi ta ci kana ganin haskenta da idonka, ba filasha mai walƙiya ta ɗauke ba. Masu tambayar farashi ku yi haƙuri. Kayan nan dala suke bi, abin da na rubuta yau kafin mujalla ta fito ya zama tsohon labari.

Tambaya: Assalamu alaikum Baba. Ina sana'ar kwalliya da lalle. Ina da fitilar zobe mai inci 18, da ita nake ɗaukar amare da wayata. A ido kwalliya ta yi kyau, amma a hoto sai fuska ta fito toka-toka, jan lalle kuma ya koma ruwan ƙasa. Mai shago ya ce in sayi wadda ta fi ta wat. In saya?
— Mai kwalliya, Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Riƙe kuɗinki tukuna. Wat abin da fitila take ci ne, ba abin da take bayarwa ba, kuma ba a auna ƙwazon ɗan ƙwadago da yawan tuwon da ya tashi da shi. In kin sayo babbar irin wadda kike da ita, tokar nan ce dai za ta ƙara fitowa fili.

Matsalarki biyu ce, ta farko tana cikin ƙwan fitilar. Farin LED da muke gani, asalinsa shuɗi ne. Shuɗin LED ɗin nan shi ya jawo wa wasu masana uku 'yan asalin Japan, Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, kyautar Nobel a 2014. Ana ɗaukar ƙwan shuɗi a shafe shi da wani sinadari mai mayar da wani ɓangare na hasken rawaya, shuɗi da rawaya su gauraya, ido ya ga fari. Idan kamfani ya yi ƙwauron sinadarin, ko ya sa mai araha, sai hasken ya fito da ƙarancin ja, wani lokaci har da ɗan kore-kore. Ido yana da saurin sabo, ya daina lura. Kyamara ba ta sabo. Abu kuwa ba ya mayar da launin da ba a haska masa ba. Lalle ja ne, jan-baki ja ne, fatarmu ma duk duhunta akwai ja da ruwan zuma a ƙarƙashinta, shi ne yake sa fuska ta yi rai. In fitila ba ta kawo jan ba, daga ina amarya za ta samo shi?

Ma'aunin wannan abu shi ne CRI, za ki gan shi a jikin kwali. Ƙarshensa 100, wato hasken rana ko na tsohon ƙwan lantarki mai zare. Don aiki irin naki kada ki sauko ƙasa da 95. Sai dai akwai wata 'yar dabara a lissafin: launuka takwas ake gwadawa a haɗa a raba, kuma duk takwas ɗin fesa-fesa ne, ba mai kauri a cikinsu. Ja mai kauri shi ne na tara, ana rubuta shi R9, kuma ba ya cikin lissafin. Don haka fitila tana iya cin maki mai kyau a CRI alhali a ja ba ta taɓuka komai ba. Kamfanin da ya yarda da kayansa yakan rubuta R9 daban, ya kuma rubuta TLCI, ma'aunin da ƙungiyar gidajen rediyo da talabijin ta Turai ta fito da shi don yadda kyamara ke ganin launi, ba yadda ido ke gani ba. In CRI da TLCI duk sun kai 95, alama ce mai kyau.

Amma kwali ba ya jin kunyar ƙarya. Ni in zan sayi fitila nakan jefa jan tattasai guda a aljihu. A bakin ƙofar shago, cikin inuwa, in ɗora shi a hannu in ɗauka da waya. In shiga ciki, in roƙi mai shago ya kashe fitilunsa ya kunna wadda zan saya ita kaɗai, in sake ɗauka. Sai in jera hotunan biyu. In tattasai ya koɗe, ko bayan hannuna ya yi kore, na gode, sai wani jiƙon. Yaran shago sukan yi dariya, amma ba su taɓa hana ni ba.

Matsala ta biyu siffar fitilar ce. Zoben yana kewaye da wayar, haske yana fitowa daga inda kyamara take kallo, ya bugi fuska gaba da gaba, ba ya barin inuwa ko ɗaya. Ke kuwa kin ɓata awa biyu kina zana inuwa a gefen hanci da ƙasan kunci don fuska ta fito da tsari, fitila ta zo ta share miki aiki. Abin da ya rage sai goshi da karan hanci suna ƙyalli. Kada ki yar da ita, tana da ranarta: ɗaukar ido kusa-kusa, ko in kina koyar da ɗaurin ɗankwali ke kaɗai a gaban waya.

Abin da zan ce ki tara kuɗi ki saya shi ne fitila mai ƙwai ɗaya a tsakiya, wadda 'yan kasuwa ke kira COB, mai wat 60, irin su Godox SL60 ko Amaran 60d. Ki tabbatar bakinta irin na Bowens ne, don shi ne bakin da yawancin kayan ɗaurawa suke shiga, ko wane kamfani ya yi su. Ki haɗa da sofbos, rumfar nan mai farin ƙyalle a gaba, mai faɗin santimita 80 zuwa 90. Gwargwadon faɗin inda haske ke fitowa da kusancinsa da fuska, gwargwadon laushinsa. Baƙar fata ta fi kowace son wannan, domin sheƙin da ke kanta hoton fitilar ne: ƙaramar fitila ta bar ɗigon ƙyalli mai zafi, babba ta shimfiɗa sheƙi mai laushi daga goshi zuwa kunci.

Ki ajiye ta gefe kaɗan, dama ko hagu, sama da kan amarya, ta sunkuyo, tazarar kamar mita ɗaya. Kada ki kai ta nesa. In kin ninka tazara, haske ba rabi yake komawa ba, kashi ɗaya cikin huɗu yake komawa. Shi ya sa mai wat 60 a mita ɗaya takan fi mai wat 200 a mita biyu. Ki ba amarya farin kwali ta ɗora a cinya, zai ɗebo haske ya mayar ƙarƙashin haɓa. Ki kashe ƙwan ɗaki, ki saki labule, don haske biyu masu launi daban ba sa zaman lafiya a fuska ɗaya. Sannan ki shiga saitin kyamarar wayarki ki kashe gyaran fuska. Wayoyi da yawa suna ƙara wa mutum fari ba tare da an tambaye su ba, ta yiwu rabin tokar daga nan take. Kafin kuɗin su taru, ki riƙa zaunar da amarya kusa da taga da hantsi, inda rana ba ta bugowa kai tsaye. Har yau ba a ƙera fitilar da ta fi wannan kyan launi ba.

Tambaya: Oga barka da aiki. Bidiyon biki nake ɗauka. Na ɗauki wata dina a babban ɗakin taro, da na zo tacewa sai na ga layuka baƙaƙe suna hawa suna sauka, hasken kuma yana rawa. Fitilata ce ko kyamara? Kuma wace fitila zan riƙa yawo da ita ba sai na jona wuta ba?
— Mai bidiyo, Gombe

Amsa: Barka kadai, ƙanena. Mai yiwuwa ba ɗaya daga ciki. Na fi zargin fitilun ɗakin taron da saitinka. Wutar da muke sha a Najeriya da Nijar da Gana da Kamaru tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, shi ne 50Hz da kake gani a jikin caja. Ƙwan ɗaki mai araha da ke shan wannan wuta haskensa yana cika yana raguwa sau 100 a daƙiƙa. Ido ba ya kamawa. Kyamararka kuwa ba gaba ɗaya take ɗaukar hoto ba, layi-layi take karantawa daga sama zuwa ƙasa, wani layin ya dace da lokacin da haske ya cika, wani ya dace da lokacin da ya yi ƙasa. Layukan da ka gani ke nan.

Maganinsa kyauta ne. Ka sa kyamara a PAL, tsarin bidiyon da ya dace da wutar 50Hz: firam 25, wato hotuna 25 a daƙiƙa, shota kuma, wato tsawon lokacin da kyamara ke shan haske a kowane hoto, 1/50 na daƙiƙa. In kana son tafiyar hawainiya don shigowar amarya, firam 50, shota 1/100. Da haka kowane layi yana kwasar haske daidai da ɗan'uwansa. Da yawa daga masu koyarwa a YouTube 'yan Amurka ne, inda wuta take 60Hz, shi ya sa za ka ji suna ta cewa firam 30 da shota 1/60; ka bi su a nan, ka sha layuka. Wayoyi ma yawanci a 30 suke zuwa. A iPhone akwai wurin kunna tsarin PAL a saitin kyamara, sai 25 ta bayyana. Wanda aiki ya kai shi Saudiyya kuma ya juya lissafin, can 60Hz ne.

Inda abin ke ƙin ci shi ne janareta. Ƙaramin inji sai ya yi juyi 3000 a minti kafin ya ba da 50Hz cif. Da na'urar sanyaya ɗaki ta tashi, ko aka ƙara masa wani nauyi, inji ya yi nishi, juyi ya sauka, lissafinka ya ɓaci. A irin wannan wuri sai dai haskenka ya rinjayi na ɗakin, aƙalla a fuskar ango da amarya. Fitilar bidiyo ta kirki tana tace wuta kafin ta kai ga ƙwai, ba ruwanta da nishin inji. Mai batir kuwa ba ta ma san ana yi ba. Amma akwai masu araha da suke rage haske ta hanyar kunnawa da kashewa da sauri, waɗannan da kansu suke haifar da layuka, musamman in an rage su ƙasa sosai. Ga gwajinsu a shago: rage ta zuwa kashi 10, haska bango, ɗauka da waya a tafiyar hawainiya. In akwai rawa nan take za ka gan ta.

Batun batir lissafi ne, kada ka bar mai shago ya yi maka shi da baki. Ka duba Wh, wato yawan wutar da batir ke riƙewa, a jikinsa, ka raba da wat ɗin fitila, abin da ya fita shi ne awannin da za ta yi in ka ƙure ta. In mAh kawai aka rubuta, ka ninka da bolt ka raba da 1000. Babban batirin NP-F970 na asali bolt 7.2 ne da mAh 6600, kusan Wh 47 ke nan. Guda biyu a fitila mai wat 60 za su kai ka awa ɗaya da wani abu, ba za su kai ka ƙarshen dinar da aka ce ƙarfe takwas aka fara goma ba. Batirin V-mount, babban batirin nan na masu bidiyo, mai Wh 95 shi ma kusan haka. In ka rage haske rabi, lokacin ya kusa ninkuwa. Na kasuwa masu rubutun mAh mai ban tsoro, ka jinjina su a hannu. Batir mai ciki yana da nauyi. Ka kuma lura ba kowace COB ce ke karɓar batir ba. Godox SL60W sai da soket, Amaran 60d da Nanlite Forza 60 kuwa suna cin batir.

Wata alfarma nake nema a wurinku masu ɗaukar biki. Ku daina ɗaura ƙaramar fitila tsirara a kan kyamara kuna cusa ta a idon iyaye mata. Ka ba yaronka fitilar a kan sanda, da farin murfi a bakinta, ya tsaya gefenka ya ɗaga ta sama da kai. Hoto zai fi kyau, gwaggon amarya kuma ba za ta ja mayafi ta rufe fuska ba.

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ni nake ɗaukar karatun Malaminmu a zaure, muna sawa a Facebook da YouTube, bana kuma muna so mu ɗauki tafsiri. Malam yana sa tabarau, fitila tana fitowa a cikin gilashin, kuma ya ce tana damun idonsa in yana duba littafi. Ɗalibai sun haɗa kuɗi, mun ga wani saiti mai fitila uku da ƙafafunsu da jaka a kuɗin fitila ɗaya. Mu saya?
— Ɗalibi, Katsina

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya saka muku da alheri, a gaishe mini da Malam. Irin saitin nan na san shi, araha ba ta ado. Fitila uku a kuɗin ɗaya, to an rage wani abu a kowace, yawanci launi da ƙafa. Ƙafafun kuwa in yaro ya gifta da gudu sai ƙasa. Ku sayi ɗaya mai kyau. Mutum ɗaya ne a zaune, ba yawo yake ba, fitila ɗaya ta ishe shi.

Gilashi yana mayar da haske ne ta kusurwar da ya zo masa. In fitila tana kusa da kyamara, hotonta cikin kyamara zai dawo. Ku ɗaga ta sama, ku matsar da ita gefe, kai kana kallon allon kyamara, wani yana matsarwa a hankali har ƙyallin ya fice daga gilashin. Ku gwada da wani ɗalibi mai tabarau kafin Malam ya fito, ba a zaunar da babba ana gwaji a kansa. Ku tuna Malam yana sunkuyawa ya duba littafi ya ɗago ya dubi jama'a, a gwada duka biyun.

In zauren farin fenti gare shi da silin mara tsawo, akwai hanyar da ta fi sauƙi. Ku juya fitilar ta kalli inda bango da silin suka haɗu, a gaban Malam ta gefe, hasken ya bugi bango ya dawo. Bangon kansa ya zama fitila, laushi ya samu, idon Malam ya huta, littafi ma ya haskaka. Sai dai haske yana raguwa sosai a hanya, don haka a nan mai wat 100 ko 150 ta fi mai 60. In bangon kore ne ko ruwan ƙwai, a bar wannan dabara, launin bango zai hau fuska.

Akwai abu biyu da ba ka tambaya ba. Na farko fanka. Irin waɗannan fitilu suna da fanka a ciki. A kasuwa ba za ka ji ta ba saboda hayaniya, amma a zaure bayan La'asar, Malam ya yi shiru, mai jan baƙi yana jan numfashi, makirfo zai kwashe ta tsaf. Ka kara kunnenka a jikinta kafin ka biya, ka tambaya ko tana da wurin rage fanka ko kashe ta. Masu bibiyar karatu da yawa waya a aljihu suke saurara, za su yafe muku duhu, ba za su yafe ƙugi ba. Saboda wannan dalili ma, in gidan ko masallacin yana da sola ko inbata, a jona a nan a bar inji. Wat 100 ba nauyi ba ne.

Na biyu farar riga. In Malam ya sa farar babbar riga da farin rawani, kyamara takan rikice: ta gyara riga fuska ta yi duhu, ta gyara fuska riga ta ƙone. Ku rataya baƙin ƙyalle a rabin ƙasa na sofbos ɗin, haske ya ragu a ƙirji ya tsaya a fuska, sannan ku saita kyamara da fuskar. A kuma janyo shimfiɗar Malam daga jikin bango ko da mita ɗaya ne, inuwarsa ta faɗi ƙasa, kantar littattafai ta fito a baya.

Tambaya: Alhaji, ina gaisuwa. Situdiyo gare ni shekara da shekaru, da filasha nake aiki. Yara suna ta ce mini zamani ya wuce filasha, in sayar in koma LED. Me ka gani?
— Mai situdiyo, Maraɗi

Amsa: Ina amsawa, Alhaji, yaya iyali? Kada ka sayar. Yaran suna da gaskiya a wani gefen: fitila mai ci tana nuna maka inuwa da idonka kafin ka danna, shi ya sa koyo da ita ya fi sauri, kuma ita ce ke yin bidiyo, yau kuwa duk wanda ya zo hoto sai ya ce a yi masa ɗan gajere na sawa a waya. Jariri ranar suna ma ta fi masa, ba walƙiyar da za ta firgita shi.

Amma a ƙarfi ba a haɗa su. Filasha tana tara wuta ta sake ta gaba ɗaya a wajen kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, wannan walƙiyar ce ke daskarar da motsi. Da ita kana aiki a ISO 100 da f/8, wato kyamara ba ta yunwar haske, ƙofar gilashinta a tsuke, iyali su jeru sahu uku kowa ya fito tar. Da LED mai wat 60 a cikin sofbos, a ɗakina nakan tsinci kaina a wajen ISO 800 da f/4, shota da ƙyar ta wuce 1/125. Ka kawo yara huɗu ranar Sallah, ɗaya yana kuka ɗaya yana tsalle, ka ga yadda hannuwa za su narke a hoto. A waje kuwa ba a magana. A luks, ma'aunin hasken da ke sauka a kan abu, rana tsaka tana kaiwa 100,000, ƙaramar LED ko alamarta ba za a gani ba.

Ka bar filasharka inda take, ka ƙaro LED ɗaya mai wat 150 ko 200 mai bakin Bowens. In filashar taka ma bakinta ke nan, sofbos ɗin da kake da su za su hau ba sai ka sayi sabbi ba.

Tambaya: Kawu ina wuni. Ina ɗinki da sayar da shadda da leshi ta WhatsApp da Instagram. Sau da yawa mai saye takan ce kalar da ta gani a hoto ba ita aka kawo mata ba. In sayi fitila mai canza kala-kala ko mai fari kawai?
— Tela, Kaduna

Amsa: Lafiya lau, 'yata. Mai fari kawai. Fitilun iri uku ne. Akwai mai launi ɗaya, 5600K, farin hasken rana; K ɗin ma'aunin launin haske ne. Akwai mai launi biyu da ake murɗawa daga ruwan zuma irin na tsohon ƙwan lantarki, wajen 2700K, zuwa fari mai sanyi, 6500K. Sai RGB mai ja da kore da shuɗi, wadda ta masu bidiyon waƙa ce da masu son bango ya yi kala, ba ruwanki da ita. Mai launi biyu tana da amfani ga wanda yake shiga gidajen mutane yana tarar da fitilu iri-iri, dole ya daidaita tasa da tasu. Amma ƙwayayenta kashi biyu ne suna raba wuta, don haka a wat ɗaya mai launi ɗaya takan fi ta haske, ta kuma fi araha. A kayan Amaran, harafin d a ƙarshen lamba launi ɗaya ne, x launi biyu.

Ke abin da kike nema shi ne kada komai ya canza daga yau zuwa gobe. Ki ware lungu ɗaya a shago, bango fari ko ruwan toka, fitila a wuri ɗaya, ki yi wa ƙafarta alama a ƙasa. Ki kashe sauran fitilu. In wayarki tana da saitin ƙwararru, ki kafe launi a 5600K don ta daina sake ra'ayi duk lokacin da kika nuna mata sabon yadi. Abin da na gaya wa mai lalle game da CRI ya hau kanki ke ma.

Shadda kuma ba ta nuna kanta gaba da gaba, ƙyalli kawai za ki samu. Ki kawo haske daga gefe ya shafi yadin a kwance, nan zanen cikin shaddar da tudun zaren aiki za su tashi. Ki ƙara da ɗan bidiyo kina karkata yadin a hankali. Duk da haka ki riƙa rubuta wa masu saye cewa allon waya ya bambanta, don abin da tata wayar za ta nuna mata ba ya hannunki.

Tambaya: Na gaji fitilun halojin guda biyu masu wat 800 daga maigidana, irin jajayen nan na 'yan fim. Suna da sauran amfani?
— Matashi, Jos

Amsa: A launi har gobe ba a raina su. CRI ɗinsu ya kai maƙura, fata tana fitowa da kyau a ƙarƙashinsu in ka sa kyamara a 3200K. Amma biyun wat 1600 ke nan, ƙaramin janareta ko ɗaya ba zai ɗauka da daɗi ba, kuma mafi yawan wutar zafi take zama, ba haske ba. Ku a Jos da sanyinku kuna iya jurewa; a Kano cikin Afrilu, ɗaki a rufe, kwalliyar 'yar wasa nan da nan za ta zubo. In za ka yi aiki da su, kada ka taɓa ƙwan da yatsa, maiƙon hannu yana kashe shi, har ya kan fashe. Kada ka ɗaura musu sofbos na LED ko ƙyalle, ka bar ragar kariya a gaba, in an kashe kuma a bari su huce kafin a ɗaga.

Tambaya: Baba, yayana yana zuwa sarin kaya Guangzhou, ya ce in rubuta masa abin da zai taho mini da shi. Me zan ce ya duba?
— Mai koyon hoto, Kano

Amsa: Ka rubuta masa sunan kamfani da lambar samfuri cif. In ka ce masa "fitila mai kyau", abin da mai shago ya ga dama zai dawo maka da shi. Godox da Aputure da Nanlite duk a lardin Guangdong suke, wanda Guangzhou ce babban birninsa, don haka gida ya je. In zai kwatanta biyu, kada ya dubi wat, ya dubi luks a mita 1, ya kuma tabbatar iri ɗaya aka auna su. Wani kamfanin da kwanon tattara haske a baki yake aunawa, lamba ta yi tsalle, wani kuma tsirara.

A jikin caja ya ga an rubuta 100–240V, 50/60Hz; wannan faɗin yana taimako a unguwar da wuta takan zo rabi. Ya nemi filogi mai ƙafa uku irin na Ingila. In zai iya, ya ƙaro caja ta biyu, don ita takan fara mutuwa kuma ita ce mai wuyar samu. Sofbos mai buɗewa lokaci guda ya fi mai sanduna da ake sokawa ɗaya-ɗaya, musamman ga mai yawon aiki. Ƙafafu kuwa ya bar su, nauyi ne, za ka samu a nan.

Batir shi ne inda zai iya yin asara. A ƙa'idar jiragen sama, batirin litiyam da ba ya jikin na'ura a jakar hannu yake tafiya, ba a cikin kayan awo ba. Har Wh 100 ba sai da izini ba, shi ya sa za ka ga yawancin V-mount an tsayar da su a 95 ko 98 ko 99. Daga 100 zuwa 160 sai kamfanin jirgi ya yarda, kuma guda biyu kawai. Abin da ya haura haka ba ya hawa jirgin fasinja. Ya rufe bakin kowanne da salatif, ya kuma duba cewa rubutun Wh yana karantuwa a jikinsa, don a filayen jirgin ƙasar Sin wanda ba rubutu a jikinsa a nan ake karɓe shi.